Ranar Da Profe Fulgencio Ya Shanye Darasinsa

Mu mutanen Santa Rufina Allah bai rage mu da baki ba. Gari ne da babbar mota ba ta shigowa sai in direba ya yi ɓatan kai, amma in ka zauna a dandali da yamma ka saurari hirarmu, sai ka rantse mu muka haƙa kogin Magdalena da farcenmu. To a cikinmu ɗin ma akwai wanda muka sallama wa, shi ne Fulgencio Arrieta, malamin motsa jiki da fareti a makarantar firamare, wanda yara da iyayensu ke kira Profe.

Gajere ne mai tumbi, usur ba ya barin wuyansa ko coci za shi. Ba a taɓa ambatar wata sana'a a gabansa bai ce ya taɓa ta ba. Saura ƙiris ya zama matuƙin jirgin sama, saura ƙiris ya zama ɗan dambe, saura ƙiris ya zama limamin coci. Matarsa Nicanora takan ce aurenta ne kaɗai abin da ya fara a duniya ya ƙarasa, shi ma don babanta na tsaye da adda.

A shekarar da abin ya faru, malamar kimiyya, Seño Dilia (da Seño muke kiran malamai mata), ta tafi haihuwa ana dab da ranar baje kolin kimiyya. Ga labari ya zo cewa sufeton ilimi zai halarta, kuma daga abin da ya gani ne zai yanke ko a bar mana 'yan aji biyar, ko a riƙa tsallakar da su kogi kullum zuwa makarantar garin hayi, mutanen da ko a ƙwallo ba ma yarda su ci mu. Shugabar makaranta, Seño Hermelinda, ta tara malamai ta tambayi wa zai riƙe ajin. Kowa ya shiga kallon takalminsa. Sai Fulgencio ya yi gyaran murya.

"Me ya rage musu?"

"Ƙwayoyin halitta na tsiro da na dabba, sai ƙananan halittun nan da ido ba ya gani."

"Shi ke nan? Seño, je ki yi barcinki. Ni da saura ƙiris na zama likita!"

Ta dube shi ta saman tabarau, ta dubi sauran, ba wanda ya ɗago kai. "To, Allah ya tsare," in ji ta. Har yau ba a san shi ta yi wa addu'ar ba ko yaran.

Da yamma a gindin mangwaron dandali, wurin da ake buga domino, ya sanar da amininsa Anacleto mai sayar da cuku, wanda ya riƙe masa 'ya ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna compadre.

"Compadre, daga gobe ka riƙa gyara zama in za ka yi mini magana. Kimiyya ta dawo hannuna."

"Kai ɗin? Ba kai ka suma a asibiti ba da aka nuna maka allura?"

"Suma? Nazari nake yi ido a rufe."

"Jiƙa wandon ma duk cikin nazarin ne?"

"Buga wasanka, mai ƙarnin madara. Ai 'yarka Yuranis tana ajin. Ba da jimawa ba za ta riƙa gaya maka abin da kakanka bai taɓa ji ba."

Wannan kam ya faɗi gaskiya, sai dai ba yadda ya nufa ba.

Da safe yana aske gemu ya leƙa littafin Seño Dilia da wutsiyar ido, ya ga hotuna, ya ce ya gane. Ya shiga aji da buhun albasa a kafaɗa, ya sa aka fito da madubin ƙara girma ɗaya tilo na makarantar, wanda ake ajiyewa a kabad lulluɓe da tawul kamar jariri. Littafi ya ce a ɓaro 'yar fatar albasa mai shara-shara a ɗora a kan gilashi. Fulgencio ya ce wannan rowa ce, in fata za ta nuna ƙwaya ɗaya ai tsoka za ta nuna dubu. Ya raba wa kowa albasa ya ce a gurza, ya rufe tagogi kada iska ta kwashe ƙwayoyin. Shi kuma ya yanko wata gunduma ya cusa a ƙarƙashin madubi, ya kafa ido.

Baƙi ƙirin. Ko hannunsa ba zai gani a ciki ba.

"Profe, me ka gani?" in ji Yuranis, wata 'yar siririya mai bakin ubanta.

"Barci suke yi. Ƙwayoyi ba su cika fitowa da safe ba."

Kafin ya rufe baki albasa ta fara aikinta. Na gaba suka fara jan majina, na baya suka ɓarke da kuka, shi kansa malamin hawaye na bin gashin bakinsa. Seño Hermelinda ta banko ƙofa a guje.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Seño. Daɗin ilimi ne ya ratsa su."

"Buɗe tagogin nan kafin ni ma in ratsa ka!"

Ta sa farce ta ɓaro fatar, ta ɗiga ruwa, ta juya madubin wajen haske. Yara suka yi layi suna leƙawa ɗaya bayan ɗaya, suka ga abin kamar bulo a jere a jikin katanga, sai ihu da tsalle. Fulgencio ya share ido ya ce, "Daidai abin da nake shirin yi ke nan. Na fara ne da nuna musu yadda ba a yi."

Abu ɗaya dai ya iya tsakani da Allah, shi ne fareti. Ya kwashe ajin zuwa fili ya busa usur. "Ƙwayar tsiro tana da katanga! Hagu, dama! Ta ganye tana da kore! Hagu, dama! Ƙwayar dabba ba katanga, ba kore! A juya!" Haka suka yi ta zagaye a rana har kajin maƙwabta suka haddace.

Washegari ya zo da ƙarfinsa, bayan ya cika ciki da wainar ƙwai mai lawashi.

"Yau za ku ga ƙwayar dabba. Ku sani, a ilmance mutum ma dabba ne."

"Har babana?" in ji Yuranis.

"Babanki musamman."

Ya sa tsinke ya kankaro cikin kumatunsa, ya shafa a gilashi, ya ja da baya yana shafa tumbi. "Ku leƙa ku ga irin ƙwayar da ake yin manyan mutane da ita."

Yuranis ta leƙa. Ta ɗago ta dube shi daga sama har ƙasa, ta sake leƙawa.

"Profe, kore ce."

"Gyara idonki."

"Kuma da katanga."

Na bayanta ya ture ta ya leƙa, na bayansa ma haka. Can wani daga lungu ya ƙwalla, "Wayyo! Profe tsiro ne!"

Ya yi rantsuwa, ya ce lawashin karin kumallo ne ya maƙale masa a haƙori, amma ina! Shi da bakinsa ya koya musu, kuma da fareti. Kafin a tashi daga makaranta labari ya riga shi isa kasuwa. Yana wucewa wata tsohuwa mai sayar da rogo ta kwara masa ruwa a ƙafa ta ce, "Kada ka yi yaushi, ɗana." 'Yan acaɓa suka riƙa tambayarsa yaushe zai yi fure. Anacleto ya hango shi ya ɗaga murya, "Compadre, bi ta can, akuyata ba ta ci komai ba yau!" Da ya isa gida ya ce a kawo abinci, Nicanora ko motsi ba ta yi daga kan lilonta ba.

"Fita tsakar gida ka tsaya a rana. Na ji an ce irinku da kanku kuke dafa naku."

Abin ya ci masa rai. Ya ce sai ya nuna wa garin nan abin da zai rufe bakin kowa. Ya ɗauki kwalba ya nufi kududdufin bayan kasuwa inda aladu ke wanka, ya ɗebo ruwa. Wannan karon ya dace: washegari a aji ɗigo ɗaya ya sa a ƙarƙashin madubi, sai ga abubuwa suna iyo, masu gashi, masu wutsiya, wani na juyi kamar ya sha ya bugu. Yara suka yi cirko-cirko. Da Fulgencio ya ga idanu sun fito, sai daɗi ya kwashe shi, baki ya tsinke.

"Kun gan su? Suna ko'ina! A hannunku, a bakinku, a hancin kakarku! Burodi su suka kumbura shi. Kindirmo su suka tsinka shi. Cukun baban Yuranis kuwa gidan hayarsu ne, sun cika shi har ba wurin shimfiɗa tabarma!"

Sai dai bai gaya musu akwai na kirki a ciki ba, don shi ma bai kai wannan shafin ba.

Ranar ba yaron da ya ci abinci a Santa Rufina. Wani ya wanke burodi da sabulu. Wata ta ƙi sumbatar kakarta, ta ce sai an tafasa ta tukuna. Ranar Lahadi 'yan aji biyar suka yi layi a ƙofar coci suka ƙi tsoma yatsa a ruwan albarka, suka ce kowa na sa hannu a ciki. Cukun Anacleto ya kwana ya wuni a kan tebur ba mai taya shi. Da yamma iyaye suka yi dafifi a ƙofar gidan Profe, Anacleto a gaba, jijiyar wuya a tashe.

"Fito, compadre! 'Yar cikina ta ce mini makiyayin ƙwari!"

"Ɗana ya rame!" in ji wata.

"Tawa ta ce bakin mijina kududdufi ne!"

"Wannan kam sai a bincika," in ji Nicanora daga taga.

Fulgencio ya fito yana ɗaga hannuwa kamar ɗan takara. "Jama'a, ku kwantar da hankali! Duk cikin tsari ne. Sai an tsorata yaro yake ganewa. Ku zo ranar baje koli, a gaban sufeto zan nuna muku na kirkin. Abin da za ku gani, ko a babban birni ba a taɓa yi ba."

Sai a lokacin ya buɗe shafin gaba. Littafi ya ce a sami 'yar kwalba, a zuba ruwan ɗumi da sukari da cokali ɗaya na yis, a ɗaura balan-balan a baki. Yis ɗin zai ci sukari ya fitar da iska, balan-balan ya kumbura. Fulgencio ya yi tsaki. Ya aro shuɗin durom na roba, ya kwashe yis ɗin gidan burodi kaf, ya farfasa mazarƙwaila ya cika, ya nemo tiyub ɗin tayar tarakta ya haɗa da durom da mesa.

"Littafin cokali ɗaya ya ce," in ji Nicanora.

"An rubuta shi ne don garuruwan da ba su da buri."

"Allah ya sa ni ma ba na cikin burin. Ni a baya zan zauna."

Ranar baje koli tun da sassafe ya girke durom a tsakiyar filin makaranta inda rana ta fi duka, ya ɗaure murfin da waya, ya liƙe gefen da kwalta. Iyaye suka cika bencina. Magajin gari ya zo da matarsa. Sufeto Don Casimiro, wani dogo marar fara'a, ya zauna a gaba cikin farar riga da ta sha guga har tana ɗaukar ido. A kan tebur Profe ya ajiye kwalabe biyu, ɗaya ruwan yis da mazarƙwaila, ɗaya ruwan kududdufi, duka launin ƙasa-ƙasa. Seño Hermelinda ta ce a manna musu suna, ya ce masani ba ya buƙatar haka.

Da farko abin ya tafi kamar a mafarki. Tiyub ya fara motsi, ya miƙe, ya cika tam. Jama'a suka yi tafi. Fulgencio ya karɓi abin magana ya shiga jawabi, ya faro tun daga halittar duniya. Yana cikin yi kumfa ta toshe mesa, tiyub ya daina ƙaruwa, durom kuwa ya fara yin ciki yana wani gurnani.

Seño Hermelinda ta matso ta raɗa masa, "Fulgencio, abin nan kuka yake yi."

"Murna suke yi, Seño. Sun ga baƙi." Ya juya ga taro. "Kun gani, jama'a? Waɗannan na kirki ne. Su ke tayar mana da burodi. Ba sa cutar da kowa."

"In na kirki ne, sha mu gani!" Anacleto ya ƙwalla daga baya.

"Ya sha! Ya sha!" taro ya ɗauka.

Fulgencio ya yi murmushin manya. Ya ɗauki kwalba ya ɗaga sama kowa ya gani, ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya ga gindinta. Sai ya tsaya. Zaƙi yake jira, bai zo ba. Abin da ya zo wani ɗanɗano ne kamar an wanke takalmi, ga wani abu mai santsi ya wuce maƙogwaronsa yana kaɗa wutsiya.

"Profe," in ji Yuranis, da muryar da ta isa har bencin ƙarshe, "ga na yis ɗin nan a tebur. Na aladu ka shanye."

A ransa ya ce, Fulgencio ɗan Arrieta, yau kam ka ƙarasa wani abu a rayuwarka, har ɗigon ƙarshe. A fili kuwa ya goge baki ya ce, "Da gangan ne. Ina so in gwada su biyun in ji bambanci."

Dariya ta ɓarke, har magajin gari na dukan cinya. Don Casimiro kaɗai bai yi ba. Ya tashi ya nufi durom, ya sunkuya ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa da biro.

"Malam, wannan ƙarar ta mece ce?"

"Ƙaramin abu ne, ranka ya daɗe. Mesa ce ta ɗan shaƙe. Bari in ba ta haƙuri."

Ya ja baya, ya ɗaga ƙafa irin ta malamin motsa jiki, ya sakar wa durom shuri.

Waɗanda ke garin hayi sun ce sun ji ƙarar, suka ɗauka bikin waliyyinmu ne ya zo da wuri. Murfi ya yi sama ya sauka a kan rufin ofishin shugaba. Kumfa ta tashi kamar bishiyar kwakwa, ta tsaya a iska kamar tana zaɓen wanda za ta fara da shi, sannan ta sauko gaba ɗaya. Farar rigar sufeto ta koma launin miya. Matar magajin gari ta tashi za ta gudu, santsi ya kwashe ta, ta riƙo mijinta, shi ya riƙo benci, benci ya zubar da mutanen kansa. Tiyub ya kuɓuce ya bi fili yana tusa, karnuka na binsa. Kafin a farfaɗo ƙudan zuma sun ji ƙanshin mazarƙwaila, aladun bayan kasuwa ma suka shigo ta ƙofar makaranta a jere kamar an aika musu goron gayyata.

Yara kuwa tsalle suke a cikin kumfa suna ihu, "Suna da rai! Wallahi suna da rai!"

Don Casimiro ya miƙe, kumfa na ɗiga daga girarsa. Ya daka tsawa, "Wa ya yi wannan aika-aikar?"

Fulgencio ya buɗe baki, amma 'yan aji biyar suka riga shi, murya ɗaya: "Yis ne! Ya ci sukari ya yi gyatsa!"

Sufeto ya yi turus. Ya share ido ya dube su. "Shi yis ɗin mene ne?"

"Ƙaramar halitta ce, ido ba ya ganinta!"

"Ƙwayar tsiro fa?"

"Tana da katanga! Hagu, dama!"

Ya yi ta jefo tambaya cikin fushi, suna cafewa suna taka ƙafa, aladu na lasar takalminsa. Fulgencio bai ga ƙarshen abin ba. Tun ana tambaya ta uku cikinsa ya yi wata juyawa, ya bar filin da wani irin gudu da bai taɓa koya wa kowa ba, gwiwoyi a haɗe.

A asibitin gari ya kwana biyu ana masa ƙarin ruwa, kuma an ce da aka zo sa allurar ya sake yin nazari ido a rufe. Can Anacleto ya zo dubiya da kwanon romon kaza, ya zauna a bakin gado yana danne dariya.

"An bar mana ajin, compadre. Sufeto ya ce yaran sun san karatu, bai dai san ta yaya ba, kuma ba ya so ya sani. Sharaɗi ɗaya ya kafa: kada a sake barinka ka taɓa komai a makarantar in ba usur ba."

"Hassada ce," in ji Fulgencio da 'yar siririyar murya. "Cukun fa?"

"Ya ƙare tas. Yara sun ce in kai ka sha na aladu ba ka mutu ba, cuku ba zai kashe su ba."

"Ka gani? Na ce maka duk cikin tsari ne." Ya ɗan gyara kwanciya, ido ya faɗa, tumbi ya saɓe, amma bakin na nan. "Ka san me likita ta ce? Ta ce abin da ke cikina ya fi mutanen Santa Rufina yawa, a haɗa da na hayi, a haɗa da babban birni. Ka ga yanzu duk jihar nan ba magajin garin da ya kai ni jama'a."

Anacleto ya cire hula ya rusuna. "To, ranka ya daɗe, me talakawan naka ke cewa?"

Cikin Fulgencio ya yi wani dogon ƙugi, har mara lafiyar gadon kusa ya waiwayo. Ya zaro ido, ya diro daga gado, ya cafki ƙarfen ƙarin ruwa.

"Zanga-zanga suke yi, compadre. Kauce, kauce, sun iso bakin ƙofa!"